Alhaji Abubakar Imam: Marubucin Da Gyara Bai Karya Masa Gwiwa Ba

An haifi marigayi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara cikin 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Tun yana yaro aka kawo shi Katsina, inda wansa Malam Bello Kagara yake koyarwa. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina cikin 1927, ya gama cikin 1932, sa'an nan aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, wadda ke karɓar yara daga gundumomin ƙasar Katsina irin su Dutsin-Ma da Kurfi.

A wancan zamani malaman ƙasar Hausa sun saba da rubuta waƙoƙin wa'azi da littattafan addini, amma ba su ɗauki ƙaga labari a bakin aikin mai ilmi ba. Ga shi kuma babbar ƙofar buga littafin boko ita ce ofishin talifi na Zariya, wanda Dokta Rupert East yake shugabanta. Cikin 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari. Malam Abubakar, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja ya aika.

Littafin bai wuce yadda ya aika da shi ba. East ya lura cewa akwai labarai a ciki waɗanda aka ɗebo daga littattafan wasu mutane ba tare da an sāke musu kama sosai ba, saboda haka ya sa alƙalami ya cire su, ya kuma rubuto wa marubucin dalili. Wani saurayin da a nan zai yi fushi ya jingine alƙalami. Shi kuwa Malam Abubakar sai ya karɓi gyaran, ya riƙe darasin. Aka buga Ruwan Bagaja tare da sauran littattafai huɗu da suka yi fice a gasar: Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Amfanin wannan haƙuri bai daɗe ba ya bayyana. Cikin 1936 East ya roƙi a ba shi aron Malam Abubakar zuwa Zariya har wata shida. Ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na mutanen Gabas, suka riƙa zama kullum ana karanta abin da ya rubuta ana gyarawa. A wannan karon bai kwafi labari ba. Yakan narka shi ne, ya ba shi sunayen Hausa da fadar Hausa da dabarun Hausawa, har mai karatu ya ɗauka a unguwarsu abin ya faru. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara fitarwa cikin 1937.

Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairu 1939, shi aka naɗa editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara 12. Wanda jiya aka yi wa gyara, yau shi ne mai gyara wa wasu. Cikin 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981. Har yau ana karanta littattafansa tun daga makarantun firamare har jami'o'i. Ɗalibi ko ma'aikacin da edita ya mayar masa da rubutunsa cike da jan alƙalami, ya tuna cewa Ruwan Bagaja ma sai da aka rage shi kafin ya shiga maɗaba'a. Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.