Tarihin John Fisher, mutumin da ya sauya rundunar ruwan Birtaniya

An haifi John Arbuthnot Fisher ranar 25 ga watan Janairun 1841 a tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, inda mahaifinsa ya yi aikin soja.

Ya shiga rundunar ruwan Birtaniya a shekarar 1854 yana ɗan shekara 13, lokacin da akasarin jiragen yaƙi na katako ne, kuma iska ce ke tura su.

A shekarar 1882 shi ne kwamandan jirgin Inflexible, ɗaya daga cikin jiragen da suka yi wa birnin Iskandariyya luguden wuta a lokacin boren Ahmad Urabi, abin da ya share wa Birtaniya fagen mamaye Masar.

Sabon salon jirgi

Fisher ya zama babban hafsan sojojin ruwa a watan Oktoban 1904, a daidai lokacin da Jamus ke ƙera jirage domin ta yi gogayya da Birtaniya a teku.

Ya kawar da tsofaffin jirage masu yawa, sannan ya sa aka ƙera Dreadnought a 1906, mai manyan bindigogi 10 da sulken ƙarfe mai kaurin inci 11.

Sai dai abin da ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne wani samfurin jirgi mai manyan bindigogi da zafin gudu, wanda zai cim ma duk jirgin da ya fi ƙarfi, ya kuma tsere wa wanda ya fi shi.

Invincible ne ya ba wannan samfuri suna. An saka shi a ruwa a 1907, yana da bindigogi 8 masu faɗin baki inci 12, yana kuma gudun kusan kilomita 46 a sa'a guda, alhali Dreadnought na yin 39.

Amma domin samun wannan gudu sai da aka rage kaurin sulkensa zuwa inci 6, domin a ganin Fisher gudun kansa kariya ne.

Nasara da asara

Fisher ya sauka a 1910, aka kuma dawo da shi a watan Oktoban 1914 bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Da Jamusawa suka fatattaki jiragen Birtaniya a gaɓar Chile, nan take ya tura Invincible da sabon Inflexible. Ranar 8 ga watan Disamban 1914 suka nutsar da Scharnhorst da Gneisenau kusa da tsibiran Falkland. Irin aikin da aka ƙera su dominsa ke nan.

A watan Mayun 1915 Fisher ya yi murabus saboda saɓani da Winston Churchill kan farmakin da aka kai wa Daular Usmaniyya a mashigin Dardanelles.

Ranar 31 ga watan Mayun 1916, a gumurzun Jutland, jiragen suka fuskanci manyan bindigogi irin nasu. Harsashi ya faɗa wa ɗakin bindigar Invincible, wuta ta kai rumbun albarushi, jirgin ya dare gida biyu. Mutum 1,026 suka mutu, 6 kaɗai suka tsira.

Indefatigable da Queen Mary ma haka suka tarwatse a wannan rana.

An daɗe ana ɗora laifin kan rashin kaurin sulke. Masana tarihi na baya-bayan nan kuwa sun fi danganta asarar da yadda ake jibge albarushi a fili domin a yi harbi da sauri.

Fisher ya kuma yi fafutukar mayar da jiragen yaƙi kan man fetur maimakon kwal, manufar da ta kai gwamnatin Birtaniya ga sayen kaso mafi tsoka na kamfanin man Anglo-Persian a 1914.

Ya mutu a London ranar 10 ga watan Yulin 1920, yana da shekara 79.