Marigayi Sinan, Sarkin Magina na Daular Usmaniyya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya bauta wa addini da ma'auni da dutse, watau Sinan, babban injiniyan Daular Usmaniyya ta Turkawa. Malamai sun karantar da mu cewa abubuwa uku ne ke bin mutum bayan ya kwanta dama: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wannan mutum kuwa ya yi tanadin duka ukun.

An haifi Sinan wajen shekarar 1490 a ƙauyen Agirnas, kusa da birnin Kaisariyya a ƙasar Turkiyya ta yau. Iyayensa Kiristoci ne. A zamanin Sarki Salim na Ɗaya aka ɗebo shi cikin samarin da ake kai wa Istambul don aikin soja, a can ya musulunta, ya koyi sassaƙa da lissafi. Ya halarci yaƙe-yaƙe da dama a ƙarƙashin Sarki Sulaimanu, har da na Belgirad a 1521 da na Bagadaza a 1534. Duk inda runduna ta yada zango, shi gine-ginen mutanen dā yake bi da kallo. A 1538 ya gina wa sojoji gada a kan kogin Furut cikin kwana 13, kuma ba a daɗe ba aka naɗa shi shugaban magina na daula duka. Ya riƙe wannan muƙami shekara kusan 50, ya yi wa sarakuna uku aiki.

Ayyukan da ake jingina masa sun haura 300, akwai masallatai da makarantu da asibitoci da gadoji da gidajen ciyar da miskinai. Ya gama Masallacin Sulaimaniyya na Istambul a 1557, bayan aikin shekara bakwai. Masallacin Salimiyya na birnin Adirna kuwa, wanda faɗin ƙubbarsa ya kai mita 31, ya kammala shi ne yana da shekara sama da 80 a duniya, lokacin da tsararrakinsa suka daɗe da jingine aiki.

Amma aikin da ya fi taɓa talaka shi ne na ruwa. Jama'ar Istambul sun yi yawa har ruwan sha ya yi wuya. Sinan ya bi tsofaffin magudanan Rumawa da ke dazuzzukan arewa da birnin, ya auna gangaren ƙasa, ya gina dogayen gadoji masu ɗauke da ruwa bisa kwaruruka. A 1563 wata ambaliya mai tsanani ta rushe wasu daga cikinsu. Dattijon bai karaya ba, ya sake gina su da ƙarfin da ya fi na farko. Ta haka ruwa ya isa unguwanni, mai alwala ya samu, mai girki ma ta samu.

Duk da wannan ɗaukaka, bai manta da gida ba. Takardar waƙafinsa, wadda ta wanzu har yau, ta ambaci matarsa da 'ya'yansa mata da jikokinsa, da kuma ɗansa Muhammadu wanda ya riga shi komawa ga Allah. Ya ware wa iyalinsa abin da za su dogara da shi, ya kuma tsayar da dukiya don masallaci da makarantar yara da wuraren shan ruwa. Haka nan bai yanke zumunci da danginsa na ƙauye ba, ko da yake addini ya raba su. Sa'ad da hukuma ta ba da umarnin kwashe mutanen wannan yanki zuwa tsibirin Kubrus bayan an ci shi da yaƙi, ya roƙi Sarki Salim na Biyu ya bar 'yan uwansa a gidajensu, aka kuwa amsa masa.

Ta fannin ilimi, ya yaye almajirai masu yawa. Ɗaya daga cikinsu, Muhammadu Aga, shi ne ya gina Masallacin Sarki Ahmadu da ke Istambul bayan rasuwar malaminsa.

Sinan ya sauke faralin Hajji a 1584, ya rasu a 1588, daidai da shekara ta 996 bayan Hijira, yana dab da cika shekara 100. Mutumin da ya gina wa sarakuna manyan hubbarori, nasa kabarin ɗan ƙarami ne, a gefen katangar Sulaimaniyya, da wurin shayar da masu wucewa a jikinsa.

To, jama'a, ga abin lura ga injiniyoyinmu da 'yan kwangila. Wanda aka ba amanar gina rijiya ko makaranta ya rage siminti, ya sani zai amsa tambaya gobe kiyama. Wanda kuma neman duniya ya hana shi kula da 'ya'yansa, ya tuna cewa su ne masu ɗaga hannu bayansa. Allah ya jiƙan Sinan, ya sa mu cika da imani, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.