Hubert Ogunde, Mutumin da Ya Sa Mayu a Majigi

Iyayenmu da yawa ba sa son mu kalli fim ɗin mayu da matsafa, suna cewa yana ɓata tarbiyya, yana kuma hana yara barci. Ban ce ba su da gaskiya ba. Amma ina so in ba su, tare da 'yan'uwana ɗalibai, tarihin mutumin da ya buɗe ƙofar irin wannan fim a Nijeriya, domin na lura ko masu kallon ba su san shi ba.

An haifi Hubert Ogunde a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa mai wa'azi ne a coci, kakansa na wajen uwa kuwa babban boka ne na addinin gargajiya da ake kira Ifa. A gidan wannan kaka ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, yana jin kiɗa da waƙoƙin bauta, yana ganin yadda ake duba da yadda ake ba da sadaka ga abin bauta. Watau yaro ne da ya tashi ƙafa ɗaya a coci, ƙafa ɗaya a ɗakin tsafi. A ganina wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane sauran labarin ba.

Da ya girma ya yi aikin koyarwa, yana kuma kaɗa wa coci molon Turawa. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Yana cikin kaki ne ya shirya wasansa na farko a Ikko a 1944, labarin Adamu da Hauwa'u, wanda wata coci ta ɗauki nauyinsa. Da ya ga jama'a sun karɓa, ba da daɗewa ba sai ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, suka dinga bin gari gari a mota, da wannan suke ci da sha. A lokacin iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su hau dandali, saboda haka ya auri da yawa daga cikin matan da ke wasa tare da shi, ƙungiyar ta zama kamar gida ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, fiye da shekara 30 ba da mayu aka san shi ba, da siyasa ne. Bayan da 'yan sanda suka harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu a 1949, ya yi wasa a kan abin, mai suna Bread and Bullet. Da ya kawo shi Kano, hukuma ta hana shi nunawa. A 1964 kuma ya yi Yoruba Ronu, ma'ana Yarbawa ku yi tunani, inda kowa ya gane da Firimiya Akintola yake. Nan take aka haramta wa ƙungiyarsa wasa a duk Jihar Yamma, ba a ɗage ba sai da soja suka karɓi mulki a 1966. Mutumin da Turawa suka hana, 'yan'uwansa ma suka hana, ba ƙaramin mutum ba ne.

Sai da ya haura shekara 60 sannan ya shiga harkar majigi. A 1979 ya haɗa kai da Ola Balogun suka mai da wani wasansa fim, sunansa Aiye. Kalmar tana nufin duniya, amma Yarbawa kan yi amfani da ita su ambaci mayu a kaikaice, kamar yadda mu ma mukan ce mutanen ɓoye don kada mu kama sunan aljanu. A cikin fim ɗin mayu na taruwa da dare a wata babbar bishiya, suna ƙulla sharrin da za su jefa wa gari. Shi Ogunde ya fito a matsayin Osetura, bokan da ke yaƙarsu. Abin da a da ake faɗa a ɓoye ga shi a jikin allo, mutum na gani da idonsa. Mutane suka yi ta tururuwa gidajen silima. Bai tsaya ba, ya biyo da Jaiyesimi a 1980, da Aropin N'Tenia a 1982, da Ayanmo a 1988, ya kuma gina wurin ɗaukar fim a garinsu.

Mu da muke kwana a makaranta mun san daɗin labarin mayu bayan an kashe fitila, mun kuma san yadda zuwa bayan gida ke gagara daga baya. Wannan tsoron Ogunde ya sayar, ba na musu. Sai dai a wurinsa mugu ba ya cin riba, kullum mai kare jama'a ke yin nasara. Inda nake da ja da shi, a matsayina na Musulmi, shi ne ya nuna da tsafi ake karya tsafi. Kuma fim ɗin da ya ɗora kowace masifa a kan maita yana iya sa a riƙa kallon tsohuwar unguwa da mugun ido, alhali ba ta ci ba, ba ta sha ba.

A ƙarshen rayuwarsa Gwamnatin Tarayya ta ba shi aikin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa. Fim ɗinsa na ƙarshe na Turawa ne, Mister Johnson, wanda aka ɗauka a nan Arewa wajejen Jos. Ciwo ya kama shi, aka kai shi Landan, ya mutu ran 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73. Shekara biyu bayan haka aka fito da Living in Bondage a kaset ɗin bidiyo cikin harshen Ibo, labarin wanda ya ba ƙungiyar asiri matarsa don ya yi kuɗi, daga nan kuma finafinan tsafi suka cika kasuwa.