Christopher Sholes, Wanda Ya Jera Haruffan Tafireta

Kakana tsohon akawu ne a ofishin En'e ta Haɗejia, kuma ba abin da yake ƙauna irin tara tsofaffin tafireta. Yana da guda uku. A ambaliyar 2022, da ruwa ya shigo gidanmu na wajen Auyo, su ya fara sa mu ɗauka kafin buhunan shinkafa, kakata tana ta faɗa. Tun ran nan na so in san wanda ya ƙago wannan abu.

Sunansa Christopher Latham Sholes. An haife shi a 1819 a Jihar Pennsylvania ta Amurka. Yana yaro ya koyi aikin ɗab'i, sa'an nan ya koma Wisconsin, ya zama editan jarida, har aka zaɓe shi ɗan majalisar jihar. Da fari injin buga lambar shafi suka ƙera shi da Samuel Soule a birnin Milwaukee. Wani abokinsu, Carlos Glidden, shi ya ba da shawarar a gwada haruffa. A 1868 hukuma ta ba su takardar mallakar ƙirar.

Amma fa injin farko bai yi daɗin aiki ba. Haruffan a jere suke bi da bi, in kuwa mutum ya yi sauri sai sandunan su sarƙe. Sholes ya yi shekaru yana sauya musu wuri. Wani mai suna James Densmore yana zuba kuɗi, yana kushe kowane samfuri, shi kuwa yana komawa ya sake. Wannan haƙuri nasa ya fi komai burge ni, domin ni ko zane biyu na ɓata a aji sai in jefar da fensir. Da haka aka samu jerin da ya fara da QWERTY.

A 1873 kamfanin Remington, masu ƙera bindigogi da keken ɗinki, suka karɓi aikin, aka fara sayarwa a 1874. Ta farkon har abin takawa gare ta kamar na tela, kuma manyan baƙaƙe kaɗai take bugawa. Ƙanana sai a 1878. Sholes ya sayar da rabonsa, bai yi wani arziki da ita ba. Ya rasu a 1890 bayan doguwar jinyar tarin fuka.

'Yan'uwana ɗalibai, ku duba wayar mahaifinku ko kwamfutar makaranta, jerin nan nasa ne. Sai dai bai yi shi don Hausa ba. Ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ a tafiretocin Kaka. In ya buga wasiƙa, ni yake miƙa wa biro in bi layi-layi ina sa lanƙwasa, kada ƙasa ta koma kasa. Ɗaya daga cikin ukun ta yi tsatsa tun ambaliyar, harafin a ya maƙale. Mun yi alkawarin kwance ta da hutun nan.