Marigayi Paul Grüninger (1891–1972), Kwamandan 'Yan Sandan da Ya Ƙi Mayar da 'Yan Gudun Hijira

A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Suwizalan mai suna Paul Grüninger, wanda ya yi shekara 20 yana aikin ɗan sanda, a cikin 14 daga cikinsu kuwa shi ne kwamandan 'yan sandan jihar St. Gallen baki ɗaya. An kore shi daga aiki a shekara ta 1939, kotu ta same shi da laifi a 1940, ya kuma rasu cikin talauci a 1972. Sai da ya shekara 23 a kabari kafin kotun da ta hukunta shi ta sake zama ta wanke shi. Abin da aka kama shi da shi kuwa shi ne, ya bar Yahudawan da ke gudun mutuwa sun shigo ƙasarsa bayan gwamnati ta ba da umarni a mayar da su inda suka fito.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Paul Grüninger ran 27 ga watan Oktoba na shekara ta 1891 a garin St. Gallen, wanda ke arewa maso gabashin Suwizalan. Garin ya samo sunansa daga Waliyyi Gallus, ɗan zuhudun da ya zauna a dajin wurin tun wajen shekara ta 612, kuma jihar da garin ke shugabanta ita ma da wannan suna ake kiranta. Daga gabas jihar ta yi iyaka da ƙasar Ostiriya, kogin Rayin ne ya raba su.

Da farko aikin koyarwa ya nufa. Ya yi karatu a kwalejin horon malamai ta garin Rorschach, ya fita a 1911, sa'an nan ya koyar da yara a ƙauyukan kwarin Rayin, har da ƙauyen Au da ke dab da iyaka. Ta haka ya san mutanen wannan yanki da hanyoyinsu tun yana saurayi. Gwani ne kuma wajen ƙwallon ƙafa, yana cikin 'yan wasan ƙungiyar Brühl ta St. Gallen da suka ci kofin ƙasa a 1915, daga baya ma ya zama shugaban ƙungiyar.

A shekara ta 1919 ya ajiye alli ya shiga aikin ɗan sanda da muƙamin laftana. A 1925 aka ɗaga shi zuwa kyaftin, aka danƙa masa shugabancin 'yan sandan jihar. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, yana zaune a gidan gwamnati, yana da albashi mai kyau da fansho yana jiransa. A taƙaice dai, mutum ne da asirinsa ke rufe, wanda babu abin da ya rage masa sai ya ƙarasa shekarun aikinsa ya huta.

Shekarar da aka rufe iyaka

A watan Maris na 1938 sojojin Hitila suka shiga Ostiriya, aka haɗe ta da ƙasar Jamus. A lokacin akwai Yahudawa kusan 190,000 a Ostiriya, yawancinsu a birnin Biyana. Nan da nan aka shiga wulaƙanta su. Aka tilasta wa manya da tsofaffi su durƙusa su goge tituna jama'a na kallo suna dariya, aka ƙwace shagunansu, aka kori 'ya'yansu daga makarantu, aka kwashi maza zuwa sansanonin gwale-gwale. Duk wanda ya sami hanya sai ya gudu, kuma masu yawa daga cikinsu suka nufi Suwizalan, wadda ba ta ƙarƙashin 'yan Nazi.

A watan Yuli na wannan shekara wakilan ƙasashe 32 suka taru a garin Ebiyan na Faransa don su duba yadda za a yi da waɗannan bayin Allah. Aka yi jawabai na nuna tausayi, amma kusan kowace ƙasa ta kawo uzurin da zai hana ta karɓar ƙarin mutane. Da hukumomin Suwizalan suka ga haka, sai tsoro ya kama su kada nauyin ya faɗo kansu su kaɗai. Ran 17 ga Agusta aka kira taron shugabannin 'yan sanda na jihohi a Bern, babban birnin ƙasar. Grüninger yana cikin ƙalilan da suka tashi suka yi magana a kan kada a rufe ƙofa, yana mai cewa ya ga halin da mutanen ke isowa a ciki da idonsa, kuma mayar da su ya saɓa wa tausayin ɗan Adam. Ba a bi shawararsa ba. Daga ran 19 ga Agusta aka ba da umarni cewa duk Bayahuden da ya ƙetaro ba tare da biza ba, a mayar da shi. Ba a daɗe ba kuma, bayan shawarwari tsakanin gwamnatocin Jamus da Suwizalan, Jamus ta fara buga jan harafin J a fasfon kowane Bayahude, domin ma'aikacin kan iyaka ya gane shi da kallo ɗaya.

Abin da ya aikata

Akwai wani ƙauye a jihar St. Gallen mai suna Diepoldsau. A nan iyaka tana bin tsohuwar hanyar kogin Rayin, wadda ruwanta ya ragu tun da aka haƙa wa kogin sabuwar hanya. Ta wurin ne mutane suka riƙa ƙetarowa da dare, wasu da iyo, wasu suna ratsa ruwa da yara a kafaɗa. An mai da wata tsohuwar masaƙa ta ƙauyen sansanin saukar da su, al'ummar Yahudawan Suwizalan kuma ita ta ɗauki nauyin ci da sha da suturarsu.

Bisa ga doka, duk wanda ya iso bayan 19 ga Agusta, aikin Grüninger ne ya sa a tasa ƙeyarsa zuwa hannun 'yan Nazi. Bai yi haka ba. Ya sa aka riƙa rubuta musu kwanan wata na baya a takardunsu, yadda za a ga kamar sun shigo tun kafin a rufe iyaka, da haka suka sami izinin zama. Ya rage yawan mutanen da ya kan aika wa Bern a rahotanninsa. Ya kau da kai daga takardun da ya san na jabu ne. Ya aika da wasiƙun sammaci da na gayyata masu ɗauke da hatimin ofishinsa ga waɗansu da ke tsare a sansanin Dachau a Jamus, aka kuwa saki wasu saboda waɗannan takardu. Da sanyin hunturu ya shigo, ya sayi tufafi da kuɗin aljihunsa ya ba waɗanda suka iso ba su da komai. Bayan daren 9 ga Nuwamba na 1938, lokacin da aka ƙone majami'un Yahudawa a Jamus da Ostiriya duka, masu gudu suka ƙaru, shi kuma ya ci gaba da karɓarsu.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Akwai mutanen ƙauye da suka nuna hanya, da ƙananan 'yan sanda da suka rufe ido, da ma'aikatan ofishin agajin Yahudawa da suka cika takardun. Amma shi ne babba, kuma da sunansa da ikonsa aka yi. Masana tarihi sun sha bamban a kan yawan waɗanda suka tsira ta hannunsa: wasu sun ce ɗaruruwa ne, wasu sun kai adadin har 3,600. Abin da zai nuna mana nauyin al'amarin shi ne, daga cikin Yahudawan Ostiriya da ba su sami mafita ba, kimanin 65,000 aka hallaka kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare.

Sakamakon da ya samu

Hukumar 'yan sanda ta tarayya, wadda Heinrich Rothmund ke shugabanta, ta lura cewa lissafin St. Gallen bai daidaita ba, sai aka buɗe bincike. Ran 3 ga Afrilu na 1939 Grüninger ya zo aiki kamar kullum, wani ƙaramin ɗan sanda da ke ƙarƙashinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya hana shi shiga, bisa ga umarnin da aka ba shi. A watan Mayu aka kore shi gaba ɗaya. Aka karɓe kakinsa, aka soke fanshonsa, aka fitar da iyalinsa daga gidan gwamnati. Manyan da suka san abin da ake yi tun da farko suka janye jiki suka bar shi shi kaɗai.

A ƙarshen shekara ta 1940 kotun gunduma ta St. Gallen ta same shi da laifin saɓa wa ƙa'idar aikinsa da kuma canza takardun hukuma, ta ci shi tarar faran 300, kuɗin ƙasar, tare da biyan kuɗin shari'a. Alƙalan sun yarda cewa tausayi ne ya sa shi, amma suka ce ma'aikacin gwamnati wajibinsa ne ya bi umarni. Tarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi ta ciwo shi ne zubewar mutunci. Aka riƙa yaɗa jita-jita a gari cewa cin hanci ya karɓa, alhali ba a taɓa tabbatar da haka ba. Babbar 'yarsa ta bar makaranta ta nemi aiki don ta tallafa wa gida.

Daga wannan lokaci har ya rasu bai sake samun tsayayyen aiki ba. Mutumin da ya shugabanci 'yan sandan jiha guda ya koma yana sayar da rigunan ruwa, yana tallan inshora, yana koya wa mutane tuƙin mota, wani lokaci kuma ya riƙe wa malamin makaranta aji in ya tafi hutu. Ya koma zama a ƙauyen Au, inda ya koyar yana saurayi. Yaƙi ya ƙare a 1945, duniya ta ji labarin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe, kowa ya ga inda waɗanda aka mayar suka ƙarasa, duk da haka hukumomin jiharsa suka ƙi sake duba maganarsa, ko da yake an kai musu roƙo sau da dama.

Shi kuwa bai yi nadama ba. A cikin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa ya bayyana cewa taimakon da ya yi wa Yahudawa ya samo tushe ne daga fahimtarsa ta Kirista game da duniya, da kuma abin da idonsa ya gane masa na kukan iyaye mata da yara a bakin iyaka. Da aka yi hira da shi a talabijin yana tsoho, ya nuna cewa in da za a sake, abin da ya yi shi zai sake yi. A 1971 cibiyar Yad Vashem da ke Urushalima ta sa sunansa cikin jerin adalai na sauran al'ummai da suka ceci Yahudawa. Ya rasu ran 22 ga Fabrairu na 1972 yana da shekara 80, hukuncin kotu na nan a kansa.

Yadda aka wanke shi

Hausawa na cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. 'Yarsa da waɗansu 'yan ƙasa masu kishin adalci ba su daina bin maganar ba. A 1993 wani ɗan jarida masanin tarihi, Stefan Keller, ya wallafa littafi a kan shari'ar bayan ya binciki takardun hukuma ya kuma nemo waɗanda suka tsira ya ji daga bakinsu. A wannan shekara gwamnatin jihar ta amince cewa an zalunce shi. A watan Mayu na 1995 shugaban ƙasar, Kaspar Villiger, ya nemi gafara a bainar jama'a saboda yadda Suwizalan ta bi da Yahudawa 'yan gudun hijira. Ran 30 ga Nuwamba na 1995 kotun gunduma ta St. Gallen ta soke hukuncin 1940, bisa dalilin cewa abin da ya yi ceton rai ne a lokacin da rai ke cikin haɗari. A 1998 majalisar jihar ta ba da diyyar faran miliyan 1.3, iyalinsa kuma suka zuba kuɗin duka a wata gidauniya mai sunansa, domin karrama masu kare haƙƙin ɗan Adam. A 2006 aka sa wa filin wasan ƙungiyar Brühl sunansa, a 2012 kuma aka sa wa gadar da ta haɗa Diepoldsau da garin Hohenems na Ostiriya sunansa, a daidai yankin da mutanen suka riƙa ratsa ruwa.

Abin da za mu ɗauka

Kada mu ɓoye cewa Grüninger ya karya doka. Ya canza kwanan wata, ya ba shugabanninsa lissafin da ba daidai ba, kuma al'umma ba za ta zauna lafiya ba in kowane ma'aikaci zai bi umarnin da ya ga dama ya watsar da wanda bai so. Shi kansa ya yi shekara 19 yana bin doka yana sa a bi ta kafin wannan rana ta zo. Ya kuma fara ne da faɗin ra'ayinsa a fili a gaban manyansa. Sai da ya tabbata cewa bin wannan umarni guda ɗaya daidai yake da miƙa marasa laifi ga masu kashe su, sa'an nan ya bi lamirinsa. Bai nemi riba ba, bai kuma gudu ba da aka zo hukunta shi.

Da yawa daga cikinmu muna riƙe da wani ɗan iko, ko kaki, ko hatimi, ko rajista, ko mabuɗin wata ƙofa. Yawancin kwanakin aikinmu, bin ƙa'ida da yin adalci hanyarsu ɗaya ce, kuma wajibi ne mu bi ta da aminci. Amma rana na iya zuwa da za su rabu, mutum mai rauni na tsaye a gabanmu, ransa na hannun abin da za mu rubuta. Tarihin wannan bawan Allah bai yi mana alkawarin cewa za a yaba mana ba, gama shi ya yi shekara 33 yana ɗauke da sunan mai laifi, bai kuma ga ranar da aka wanke shi ba. Sai dai a yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne a ƙasashe da dama waɗanda ba za a haife su ba da ya bi umarnin 19 ga Agusta. Allah ya ba shi hutawa ta har abada, mu kuma ya ba mu zuciyar da za ta tsaya a ranar da aka gwada mu. Amin.