Belding Scribner, likitan da ya koya wa masu ciwon ƙoda kula da kansu

Masu karatu, a wannan mako mun waiwayi tarihin wani likita ɗan Amurka wanda duk mai zuwa wankin ƙoda, a Yamai ko a wani gari, yake cin moriyar aikinsa ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haifi Belding Scribner a birnin Shikago ranar 18 ga Janairu 1921. Ya gama karatun likita a jami'ar Stanford a 1945, kuma a 1951 ya soma koyarwa a jami'ar Washington da ke birnin Seattle. A lokacin akwai injin wanke jini da Willem Kolff ya ƙera a ƙasar Holan, sai dai duk wanki sai an yanka jijiya, bayan ƴan lokuta kuwa jijiyoyin su lalace. Saboda haka wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya ba ya daɗewa.

A 1960 Scribner da injiniya Wayne Quinton suka haɗa wani ɗan bututu na Teflon da ake bari a hannun majinyaci, a riƙa jona shi da inji duk lokacin wanki. A watan Maris na shekarar aka saka wa Clyde Shields, ma'aikacin kamfanin Boeing. Bawan Allah ya ƙara shekara 11 a duniya.

Wajen jinyar Shields ne Scribner ya gane cewa inji kaɗai bai isa ba. Hawan jinin mutumin bai sauka ba sai da aka riƙa janye ruwan da ya taru a jikinsa, shi kuma ya rage gishiri a abincinsa.

A 1962 aka buɗe cibiyar wankin ƙoda ta Seattle da gado 3 kacal. Majinyata sun fi gadaje yawa, har aka kafa kwamitin da ke zaɓen wanda za a karɓa. Abin ya dami Scribner ƙwarai. A 1964, tare da injiniya Albert Babb, suka fito da ƙaramin inji na gida, aka shiga koya wa majinyaci da wani ɗan uwansa yadda za su jona shi, su tsabtace wurin bututu, su auna nauyi da hawan jini.

An ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Kolff a 2002. Ya rasu ranar 19 ga Yuni 2003 yana da shekara 82.

Tun daga 1966 aka soma maye gurbin bututun nasa da ɗinkin jijiya da ake kira fistula, amma darasinsa yana nan. Mu duba lissafi: mai wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zuwa, awa 12 ke nan yake gaban likita cikin awa 168. Sauran lokacin yana hannunsa da na iyalinsa. A rage gishiri da magi, a sha ruwa gwargwadon abin da likita ya ƙayyade, a yi hattara da ayaba da dabino, kar a ɗebi jini ko a auna hawan jini a hannun fistula, kuma kar a tsallake ranar wanki.

Muna kira ga likitocinmu su riƙa ware lokaci suna bayyana wa majinyata waɗannan abubuwa da harshen da suke ji. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.