TAƘAITACCEN TARIHIN DOKTA ANDREW STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865-1948)

A wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50 za mu ji waƙoƙi iri iri daga ƙungiyar mawaƙa, da Zumuntar Mata, da matasa. Tun da yake waiwaye adon tafiya ne, ya kyautu mu tuna da ɗaya daga cikin bayin Allah da suka fara sa waƙar sujada a bakin Bahaushe.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haifi Andrew Park Stirrett a shekarar 1865 a jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantunan magani biyu a birnin Toronto, ya kuma yi karatun aikin likita. Yana cikin samun ciniki sai labarin ƙasashenmu ya iske shi ta hannun Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da nufin kawo Bishara ƙasar Sudan. Abokan tafiyarsa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Stirrett ya san da wannan duka, amma ya sayar da kantunansa, ya ba mishan dukiyarsa, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila. Ya iso Nijeriya a 1902, a lokacin shekarunsa sun kai 37.

AIKINSA

Ya fara zama a Patigi, inda mishan na SIM ta kafa tasharta ta farko, daga baya ya yi aiki a Wushishi, ƙarshen rayuwarsa kuwa a Jos ya yi shi. Bai yi aure ba. Saboda jinyar marasa lafiya mutane suka laƙaba masa suna Bature Mai Magani. Zuciyarsa tana kan Hausawa, ya duƙufa ga koyon harshensu har ya iya wa'azi da shi a tsakiyar kasuwa, gaban fatake da 'yan koli. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Dokta Walter Miller na Zariya, aka buga shi cikakke a 1932. Ya huta a Jos a watan Yuli na 1948.

SHI DA WAƘA

Ban da magani da wa'azi, Dokta Stirrett ya tsara waƙoƙin sujada masu yawa da Hausa. A zamaninsa masu iya karatu kaɗan ne ƙwarai. Manomi ko mai daka wanda bai san baƙi ba yana iya riƙe waƙa a ka, ya tafi da ita gona ko bakin rijiya. Waƙa ta zama makaranta ga masu bi na farko, da ita suka koyi labarin gicciye da tashi daga matattu.

Kada mu ɗauka aikin nan mai sauƙi ne. Hausa tana da gaɓa mai tsawo da gajera, tana kuma da hawa da saukar murya. Kukan da yaro yake yi da kukar da ake miya da ita, saukar murya ce kaɗai ta raba su. Muryoyin waƙoƙin da aka zo da su daga Ingila da Amurka ba a gina su don wannan ba. Mai tsara waƙa dole ya ƙirga gaɓoɓin kowane layi, ya auna kalma da murya, ya kuma tabbata koyarwar ta yi daidai da Maganar Allah. Daga wahalar irin su Stirrett da malaman Hausa da suka taimake su ne muka gaji Littafin Waƙoƙi, wanda ikilisiyoyi da yawa suke amfani da shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

SIM ta buɗe tasha a Damagaram a 1924. A shekarun 1930 ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Duk inda aka taru don sujada a wuraren nan, da waƙoƙin Hausa aka yi ta.

Gaskiya ne cewa 'yan mishan da yawa na wancan zamani sun yi ɗari-ɗari da ganga, domin suna ganinta a wurin bori. Don haka kalmomin na Hausa ne, amma muryar baƙuwa ce. Sauran aikin 'yan ƙasa ne suka ƙarasa shi. Bayan kafuwar ECWA a 1954, da fitowar Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960, sai aka fara jin waƙoƙi masu jagora da 'yan amshi. Iyayenmu mata suka shigo da tulu da caki cikin sujada, maza suka kawo ganga. Mu mutanen Baure da ƙasar Daura, da muka tashi da gangar noma da waƙar niƙa, muna jin kakaki da algaita a Sallar Gani, wannan salo bai zame mana baƙo ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yau muna da kayan kiɗa na lantarki da lasifika, matasanmu suna ɗaukar waƙa a waya su aika har Magarya da Kano. Mun gode wa Allah. Amma sau da dama ƙarar kiɗa tana danne kalmomi, tsohuwar da ke bayan majami'a ta koma gida ba ta ji ko layi ɗaya ba. Akwai kuma yaranmu da ba su iya raira waƙa biyar daga Littafin Waƙoƙi ba.

Saboda haka ina roƙon mawaƙanmu abu uku. Na ɗaya, kowace sabuwar waƙa a rubuta ta, a kai wa dattawa su auna ta da Littafi Mai Tsarki, su gyara Hausarta kafin a raira. Na biyu, mai kiɗa ya bi mai waƙa, a rage lasifika har a ji kowace kalma. Na uku, a zauna da tsofaffinmu tun suna da rai, a ɗauki waƙoƙin da ke kansu, a koya wa 'yan makarantar Lahadi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dokta Stirrett ya zo yana da shekara 37, ya koyi harshen da ba na uwarsa ba har ya yi waƙa da shi. Mu da muka sha Hausa a nono, me zai hana mu? Ubangiji ya ba mu himma, ya tashe mana masu tsara waƙa daga cikin 'ya'yanmu. Amin.